Tazarar Bawul

Baba ba ya taɓa inji da zafinsa.
Sai mota ta kwana, ta huce kamar randa,
sannan da asuba, kafin ƙararrawar Santa Priska ta buga shida,
mu turo ta bakin gareji, mu tokare taya.
A Tasko babu shimfiɗaɗɗiyar ƙasa,
ko lemo ka ajiye, sai ka bi shi da gudu har kasuwa.

Kunkurun Nikanor ce, farar tasi,
ta girme ni da shekara tara.
Ba ta shan ruwa, iska ke mata fifita,
injinta a baya kamar goyo.
Jiya ta kasa hawa da fasinja biyu da buhun masara,
tana tari, tana harbi ta salansa.

Na kwanta kan kwali, na ɓalle marfin bawul,
baƙin mai ya gangaro har gwiwar hannuna.
Baba na juya fuli da sifana
har tsaga ta zo daidai ɗinkin inji.
Silinda ta ɗaya, fistin ya kai ƙololuwa.
Na zura geji, ɗan ƙarfe mai kaurin bawon albasa.
Ya ƙi shiga.

"Ya matse!" na ce. Bai ji ba.
Shekara arba'in da ɗaya ƙarar inji na cin kunnensa
har ta suɗe kwanon.
Da can daga kan tudu ake kawo wa Don Eleuteriyo mota
ya karkata kai kawai, ya faɗi ciwonta.
Yanzu ko a tebur ba ya cewa a miƙo gishiri.

Na sassauta noti, na murɗa sukuru baya kaɗan,
har geji ya ratsa da ɗan ja,
yadda wuƙa ke ratsa sabulu.
Na ɗaure. Na sake gwadawa, don noti maƙaryaci ne.
Na buga masa ƙafa: rabin juyi baya, ta biyu.
Na mirgina hagu: ta uku, 'yar wahala,
wadda iska ke isa gare ta bayan ta riga ta ɗumama.
Ita na ɗan ƙara wa sarari, ban gaya wa kowa ba.

Ina 'yar shekara goma ya koya mini:
ƙarfe in ya ji wuta miƙewa yake,
in ba ka bar masa wuri ba, ya ci kansa.
Bawul mai surutu, ƙyale shi ya yi ta surutu.
Wanda ya yi shiru shi ke ƙonewa.

Saura lokacin wuta.
Na buɗe makulli ban tayar ba,
na maƙala 'yar fitila a koyil, na kwance wuyan distirbuta.
Nan kunne ba shi da aiki, sai ido, kuma idon Baba ras.
Ya juya ta kamar mai buɗe kwalbar turare,
a hankali, a hankali,
fitila ta ƙifta.
In ta riga, inji ya yi ƙwanƙwasa; in ta makara, ya yi zazzaɓi.
Ya ɗaga yatsa. Na ɗaure.

Nikanor ya murza makulli. Bugu ɗaya.
Ta kama tsak-tsak-tsak kamar keken ɗinki.
Baba ya ɗora tafi kan inji, ya lumshe ido,
ya daɗe.
"Ta uku kin sassauta mata," ya ce,
da ƙarfin muryar wanda ba ya jin kansa.
Sai ya juya kan Nikanor: wane irin mai ne wannan,
yaushe rabonka da juye, fanbel ne ko igiyar shanya?
Tagogi suka buɗe, karen Donya Jenobeba ya amsa.

Ina goge geji da tsumma, ban tsawata ba.
Na bar shi ya yi ta surutu.